Tukunyar Da Ba Nama Ba Ta Matsiyaci Ba Ce



Da ɗan fushi a raina na ɗauki alƙalami yau, kuma gara in faɗa tun farko kada wani ya ce na yi masa kwanton ɓauna. Kwana 30 cur na yi ban sa nama a bakina ba. Na ajiye kifi, na ajiye ƙwai, nono kaɗai na bari saboda fura. A cikin kwanakin nan babu irin maganar da ban sha ba. A majalisarmu ta bayan la'asar wani ya ce, "Malam, in kasuwa ce ta juya maka baya ka faɗa mana, sai mu yi maka karo-karo." Wani ya ce wai na koma Ba'indiye. Wata 'yar'uwa kuwa jan maiɗakina ta yi gefe a gidan suna, tana tambayarta ƙasa-ƙasa ko lafiya, don ta ji an ce gidanmu an daina ɗora tukunyar arziki. A lokacin dariya na yi. Da na zauna na yi tunani sai na ga abin ya wuce wasa, domin mun mayar da tsokar nama ma'aunin mutunci, kuma wannan ma'aunin yana cin aljihunmu, yana cin lafiyarmu.

Ga yadda abin ya faro. Ciwon kai ya dame ni, na je asibiti aka auna jinina, aka ce ya hau. Ma'aikaciyar ta ce in lissafa mata abin da nake ci a rana. Da safe shayi mai kauri da burodi da ƙwai uku. Da rana a wurin aiki a Abuja, shinkafa da soyayyen nama. Da dare in mun sauka daga mota, tsire ko balangu a takarda, sannan in je gida in ci tuwo. Ta rubuta mini magani, ta ce in rage gishiri da mai da kitse, in ƙara ganye da wake. Ba ta ce in daina nama ba. Ni ne na ce bari in gwada wata guda in ga ko zan mutu.

Makon farko na sha wuya, kuma laifina ne. Na cire nama na cike gurbinsa da ƙarin malmalar tuwo da burodi da ƙosai mai naso da mai. Cikina ya kumbura, yunwa kuma ba ta sake ni ba. Da na kai kuka wurin tsohuwarmu sai ta dube ni ta ce, "Kai yaro, da me kake zaton na raine ku? Nama ai sai ranar kasuwa ko Sallah." Ta zaunar da maiɗakina ta koya mata abin da muka manta. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan kafin a dafa, ba zai tayar da ciki sosai ba. A daka daddawa da citta da tafarnuwa, a soya albasa har ta yi ja kafin a zuba ruwan miya. A sa gyaɗa a miyar taushe, a sa wake a miyar kuka ya dahu har ya narke. Daga nan gidanmu ya koma cin fate da rama da yakuwa, dambun zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, ɗan wake, alale, garau-garau, miyar riɗi da sakwara. A mako na biyu na daina mafarkin tsire.

To, bari in amsa wa masu surutu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, masu cewa wanda bai ci nama ba ba zai yi ƙarfi ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, wato furotin, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya fi su duka. Abin da wake ya gaza a kansa hatsi yana cike shi, shi ya sa shinkafa da wake, ko ƙosai da koko, suke riƙe mutum wuni guda. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma haka suke haɗa abincinsu. Ku je bakin kasuwar IBB da sassafe ku ga matan Gwari da suka ɗauko doya da itace a kafaɗa daga ƙauye, sannan ku dubi tumbinmu mu masu tsire kowane dare. Wa ya fi wani ƙarfi?

Na biyu, masu jawo addini cikin maganar. Nama halal ne, ni'ima ce, kuma ban haramta wa kowa abin da Allah Ya halatta ba. In Babbar Sallah ta zo zan yi layya in Allah Ya hore, zan ci, zan raba. Amma malamanmu na unguwa kullum suna yi mana wa'azi kan almubazzaranci da cika ciki fiye da kima. Abu ya zama halal bai sa ya zama wajibi sau uku a rana ba. Ban taɓa jin malamin da ya ce miyar kuka da wake tana rage imani ba.

Na uku, masu cewa kwaikwayon Turawa ne. Wannan ce ta fi ba ni haushi. Gaskiya ne a Ingila wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa sun kafa ƙungiyar masu ƙin cin duk abin da ya fito daga dabba a 1944, kuma tun 2014 ake wani kamfe a can na barin nama a watan Janairu. To sai me? Garin nan Abu Ja ya kafa shi a 1828, kuma tun kafin nan mutanen Zazzau suna kaɗa miyar kuka da daddawa. Ku shiga manyan kantunan Abuja ku ga abin da suke kira tofu a cikin roba mai tsada. Awara ce, wadda 'yan mata ke soyawa a bakin layinmu. Ku ga madarar tsirrai a kwali, alhali muna da kunun aya da kunun gyaɗa. Duk duniya babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman irin wakenmu. Amma sai mun ga abinmu a kwali da rubutun Turanci sannan zai yi daraja a idonmu. Wannan maganar ta shafi yaranmu masu kallon TikTok ma, waɗanda suke zaton cin ganye sai da 'ya'yan itacen da aka shigo da su ta jirgi. Zogalen bayan gidanku ya ishe ku.

Yanzu maganar kuɗi, wadda kowa ke ɓoyewa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda kasuwa ta koma. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Duk da haka akwai magidanta a unguwar nan da suke cin bashin mahauci don kada maƙwabciya ta leƙa tukunya ta ga babu tsoka. Kuɗin da zai sayi waken da iyali za su ci kwanaki su ƙoshi, sai a sayi 'yan yanka shida da shi. Kuma wa ke cinye yankan nan? Mu faɗi gaskiya. Kwanon maigida ake fara cikawa, shi da ya kai hamsin, mai hawan jini, wanda likita ya ce ya rage. Yaron da ke girma, wanda shi ne jikinsa ke buƙata, romo da ƙashi ne rabonsa. Mai ciki ma sai abin da ya saura. Haba jama'a! In naman kaɗan ne, a ba yara da masu ciki da masu shayarwa, mu manya mu ci wake.

Ga masu son jin ta bakin masana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma gishirinsa kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Ku lissafa dunƙulen da ake murmushewa a tukunya, da wanda ke cikin yajin tsire, ku ga inda muke. A 2015 cibiyar binciken daji ta hukumar, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa naman da aka sarrafa, irin na gwangwani da tsiran alade da makamantansu, cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin hanji, ta kuma ce jan nama mai yiwuwa ne yana haddasa shi. Ba su ce yanka ɗaya zai kashe ka ba. Yawan ci na yau da gobe suke nufi.

Kada kuma wani ya ɗauki maganata ya je ya cuci kansa. Akwai sinadarin bitamin B12 da jini da jijiyoyi ke buƙata, kuma ba a dogara da tsirrai wajen samunsa. Wanda zai bar nama da kifi da ƙwai da nono gaba ɗaya na tsawon lokaci, dole ya riƙa shan ƙwayarsa. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye jiki ya fi karɓarsa in an haɗa da lemon tsami ko tumatir, shayi kuwa a kan abinci yana rage shi. Mai ciwon ƙoda ko ciwon suga ya tambayi likitansa kafin ya sauya abinci. Kuma awarar da ta yi iyo a cikin mai, aka barbaɗe ta da dunƙule da gishiri, ba ta fi tsire da komai ba. Ni ban daina shan maganina ba ko na kwana ɗaya. Da na koma awo an ce jinin ya ɗan sauka, kuma ba zan rantse cewa wake kaɗai ya yi aikin ba. Abin da na tabbatar shi ne nauyin cikin nan na bayan cin abinci ya tafi, kuma kuɗin cefane ya kai ƙarshen wata ban ci bashi ba.

'Yan'uwana mahauta da masu tsire, kada ku ɗauke ni abokin gaba. Ranar da na cika kwana 30 wurinku na dawo, maiɗakina ta yi mana farfesu, kuma wallahi rabon da in ji daɗin nama haka tun ina yaro. Yanzu gidana ana cin nama ranar Juma'a da wata rana guda a mako, kuma kuɗi a hannu nake saya, ba sai an biyo ni bashi har ƙofar gida ba.

Roƙona ga jama'ar Wambai guda biyu ne. Kowane gida ya gwada kwana biyu a mako babu nama, da niyya, ba don dole ba, a ga yadda jiki da aljihu za su ce. Sannan mu daina leƙen tukunyar juna. Matar da ta aiko miki da miyar taushe mai gyaɗa ba nama, ki karɓa ki gode, kada ki tafi gidan biki kina yi da mijinta. Wanda kuma ya ce zai yi mini karo-karo a majalisa, na gode, a sayo mudun wake da kuɗin a kai wa marayun layinmu.

Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.