Maganin Rigakafi Yana Iya Mutuwa a Sito

Duk ɗalibin da ya karanci aikin hanta ya san cewa ba ajiya kaɗai take yi ba. Takan karɓi sukari daga hanji ta adana, sa'an nan ta riƙa sakinsa cikin jini gwargwadon bukatar jiki. Haka cibiyar rarraba kaya take: kaya su shigo jingim daga masana'anta, a ƙidaya, a shigar da su littafi, a kasa su, su fita zuwa inda ake jiransu. Abin takaici, har yau da yawa suna ɗaukar wannan wuri ɗakin jibge kwalaye, mai kula da shi kuwa ɗan gadi ne kurum mai riƙe da mabuɗi. Wannan kuskure ne, kuma maganin rigakafi ya isa shaida.

A Nijeriya maganin yakan bi hawa-hawa: daga babban rumbun sanyi na ƙasa zuwa na shiyya, zuwa na jiha, zuwa na ƙaramar hukuma, kafin ya isa ɗakin shan magani na ƙauye. Galibinsa ana ajiye shi ne tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyas. Na ɗigon shan-inna, wanda ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, shi ya fi kowanne tsoron zafi. Don haka tun 1996 aka fara manna wa kwalbarsa wata 'yar alama mai kusurwa huɗu a cikin da'ira. In zafi ya taru a kanta har ta yi duhu daidai da da'irar, to kwalbar ta tashi daga aiki.

Sai dai sanyi ma yana kisa, kuma nan ne aka fi yin sake. Rigakafin ciwon hanta da na sarƙe-haƙora suna ɗauke da sinadarin alminiyom, wanda kan dunƙule in ya daskare, ƙarfin maganin ya ragu har abada. Alamar nan kuwa ba ta nuna daskarewa. Ma'aikacin da ya jingina kwalba da ƙanƙara, da kyakkyawar niyya, yana iya sa a yi wa yaro allurar da ba ta kare shi daga kome, uwa ta koma gida da kati a hannu hankalinta kwance.

Akwai kuma ƙa'idar fitarwa: wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara fitarwa, ko da jiya ya iso. Wannan yana bukatar littafi mai tsabta da duba ma'aunin zafi safe da yamma, har ranar hutu.

Lokacin da aka tabbatar a 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, an yaba wa likitoci da masu bi gida-gida, kuma sun cancanta. Masu tsaron firiji fa? Kamata ya yi a ba su horo da matsayi irin na ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Malaman kimiyya kuma su nemi izini su kai ɗalibansu rumbun sanyi na ƙaramar hukumarsu, kowane ɗalibi ya karanta ma'aunin da idonsa, ya rubuta abin da ya gani.