Kasafin tiriliyan 54.99, rediyo na can tana tonon silili

Jama'a, ni fa abin nan ya ishe ni. A watan Fabrairun 2025 Tinubu ya sa hannu a kasafin naira tiriliyan 54.99, sama da tiriliyan 14 daga ciki na biyan bashi ne. Wace tasha ce a Kano ta zauna ta warware wa talaka wannan lissafi? A karanto adadi cikin minti biyu, a wuce. Da daddare kuwa sai a sakar wa sojojin baka awa guda, wane ya sauya sheƙa, wane ya zagi ubangidan wane.

Ɗan jarida, ka leƙa Wapa mana, ai ba nisa. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen 750 a hannun 'yan canji, a 2024 ta haura 1,500. Daga nan ka gangara Kantin Kwari ka tambayi mai shigo da shadda yadda jarinsa ya zaizaye. Mai adaidaita sahu da ke jigila zuwa Sabon Gari ya fi ka haddace ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi. Ina rarar kuɗin ta shiga?

Mu ma 'yan jar hula da laifinmu, wallahi. Muna biyan kuɗin fili, sai mu ɓata shi a ramuwar zagi. Duk wanda aka miƙa wa makirfo a makon nan, ya tambayi ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Fagge aikin da ya saka mana a kasafi, da nawa aka saki.