Mun ga dalar Masar, mun ga Paris: Nok fa?



Idan ɗan Gwantu ya dawo daga ƙasar waje da hotunan wuraren tarihi, magana kan rabu biyu a gari. Wasu su ce Allah ya maimaita mana, wasu kuma su ce almubazzaranci ne, da kuɗin jirgin nan ya sayi taki ya raba wa dangi da ya fi masa lada. Mu da Allah ya nufa muka taɓa fita, wani ta hanyar karatu, wani ta aiki, wani ta aikin Hajji ko ziyarar Urushalima, ba mu tare da masu cewa ɓarna ce. Amma muna da magana da matafiyan namu, kuma ta fi wadda muke da ita da masu sukar nauyi.

Mutumin da ya tashi yana jin labarin Fir'auna tun yana ƙarami, a makarantar allo ko a ajin Lahadi, ranar da ya tsaya a gindin babbar dalar Giza wani abu yakan sauya a kansa. Shekararta kusan 4,500, kuma lokacin da aka gama ta tsayinta ya kai mita 146. Sai ka tsaya kusa da dutse guda daga cikin waɗanda aka jera, ka ga ya kai maka ƙirji, sannan ka fara tambayar kanka yadda aka ciyar da ma'aikatan, da wanda ya riƙe lissafin. Hoto ba ya sa mutum wannan tambaya. Haka kuma hoto ba ya nuna maka cewa gidajen birnin Giza sun matso har bakin wurin, da masu raƙuma suna binka da ciniki kamar ranar kasuwa. Alhazanmu da suka tsaya a Uhudu, da 'yan'uwanmu da suka hau Dutsen Zaitun suka sauka Kogin Urdun, za su ba da shaida irin wannan. Da yawansu sukan dawo suna mamakin ƙanƙantar kogin, wai na bayan garinmu ya fi shi cika da damina. Gani ya kori ji, kuma wanda ya tara kuɗinsa na halal shekara da shekaru don ya gani, ba mu ga dalilin zarginsa ba.

To amma mu je Paris, domin a can maganar take.

Gidan tarihi na Louvre yana karɓar mutum kusan miliyan 9 a shekara, kuma akasarinsu hoton Mona Lisa suke nema. Za ka bi layi, a matse ka, ka ɗaga waya sama da kawunan mutane, sannan ka tarar da allon bai kai faɗin tagar ɗaki ba: santimita 77 ne a tsaye, 53 a kwance. Ba mu raina shi ba. Sai dai a cikin wannan gini, a wani sashe da babu turmutsutsu, a shekarar 2000 aka baje wasu sassaƙe-sassaƙen yumɓu, aka rubuta sunan inda suka fito a ƙarƙashinsu: Nok, Najeriya. Nok ɗin nan dai da ke ƙaramar hukumar Jaba, kusa da Kwoi. Wanda ya fito daga Kudancin Kaduna ya tsaya gaban gilashin nan ya karanta wannan suna, zai ji daɗi, zai kuma ji ciwo, a lokaci guda.

Ga yadda suka je can. Faransa ta saye su ne daga hannun wani dillali a Beljiyam, alhali dokar Najeriya ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Da aka baje su sai surutu ya tashi, domin a wannan shekarar ce majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa sassaƙen Nok a jerin kayan Afirka da aka fi wawashewa. A 2002 aka daidaita: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Ku lissafa da kanku, wa'adin farko 2027 ke nan. Mutum nawa ne a Sanga, ko Jema'a, ko Jaba suka san da wannan yarjejeniya?

Tarihin gano kayan ma a ƙofar gidanmu ya faru. A 1928 masu haƙar kuza suka tono na farko a ƙauyen Nok. A 1943 aka samu wani kai a wajen haƙar kuza kusa da Jema'a, wani ma'aikaci ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumin korar dabbobi, har labari ya kai ga Bernard Fagg, Baturen da daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Shi ya lura cewa wannan kai da na Nok aikin al'umma ɗaya ne. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka shafe shekaru suna tono tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, bincikensu ya nuna cewa mutanen Nok sun zauna a wannan yanki tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero, daga baya suna narka ƙarfe. A 2013 aka yi babban baje kolin abin da suka tono a Frankfurt, Jamusawa suka sayi tikiti suka shiga kallo. Wato lokacin da wurin da ake kira Paris yau bai zama birni ba, a nan tsakanin duwatsunmu akwai masu hannun da za su gina fuskar mutum da yumɓu, da kitsonta da tsakiyarta, su gasa ta ta shekara fiye da dubu biyu a ƙasa.

Abin da muke cewa matafiyanmu shi ne, wanda ya iya jure wahalar biza, ya biya Yuro 90 da ba a mayarwa ko an hana shi, ya kwana a filin jirgi, ba shi da hujjar cewa Nok ta yi masa nisa. Daga Gwantu ta Gidan Waya, Kafanchan, Kwoi, tafiya ce ta a je a dawo a yini ɗaya, kuma akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi na gwamnatin tarayya a ƙauyen. Jos ma ta Forest ba nisa, a can kuma bayan sassaƙen Nok akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Amma ku shiga kowace sakandare a Sanga ku tambayi 'yan ajin ƙarshe wa ya taɓa zuwa ɗaya daga cikin biyun. Sun haddace "Nok" don jarrabawa, kamar sunan wata ƙasa ce a bayan teku.

Mun san abin da za a ce, kuma ba duka ne za mu ture ba. Za a ce hanya ba lafiya. Gaskiya ne, babu wanda ya zauna a yankin nan shekarun baya-bayan nan da zai yi wasa da maganar tsaro, kuma ba mu ce a kwashi yara a kama hanya da yamma ba. Amma a kan hanyoyin nan muke zuwa biki da jana'iza da kasuwar Kafanchan, da rana, cikin shiri. Za a ce gidajen tarihinmu ba su da kyan na Turai, wani lokaci ba wuta, ba mai bayani. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, sai dai wurin da ba mai zuwa, ba mai tambayar yadda aka yi da kasafinsa.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa a fili ba, daga masallaci da coci duka: ai gumaka ne. A nan muna roƙon malamanmu da fastocinmu su duba da kyau. Babu wanda ya ce a durƙusa wa yumɓu. Mutanenmu nawa suka ɗauki hoto gaban mutum-mutumin nan mai kan mutum da jikin zaki a Giza, suka dawo da imaninsu daram? In kallon aikin mutanen Fir'auna ilimi ne, kallon aikin waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan bai zama shirka ba. Wannan ƙyamar tana da farashi, domin manomin da ya tono kan yumɓu a gonarsa, in an koya masa cewa abin ƙazanta ne, ko dai ya farfasa shi da fartanya, ko ya miƙa wa dillalin da ya zo da 'yan kuɗin cefane. Daga nan sai kan iyaka, sai kantin wani a Turai, inda za a sa masa kuɗin da zai gina ajujuwa. Abin da ya fi kuɗin zafi shi ne, da zarar an fizge shi daga ramin da yake ba tare da masani ya auna ba, labarin da ke tare da shi ya tafi: shekarunsa, da abin da aka binne kusa da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, dillalan nan kuwa rashin saninmu suke bi.

Saboda haka ga abin da muke nema a wurin duk ɗan ƙungiyar nan da ya fita ya dawo. Tsarabar turare da dabino da agogo muna so, kada a daina. Amma a ƙara da zama ɗaya da ɗalibai, a tsohuwar makarantarka, ka faɗa musu abin da ka gani da yadda mutanen can suke tattalin nasu: nawa ake biya a ƙofa, wa ke share wurin, me ya sa yaran firamare ke zuwa da malaminsu suna zaune a ƙasa suna zane. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya wa yawancinmu a rai, fiye da Hasumiyar Eiffel. Sannan wanda ya iya biyan kuɗin jirgi zuwa Alƙahira ko Paris, kuɗin man bas ɗaya zuwa Nok ba zai gagare shi ba. Mutum uku su haɗa hannu, an gama.

Muna ba shugabannin ƙungiya shawarar a sa wannan a ajandar taro mai zuwa, a zaɓi makaranta ɗaya a fara da ita bayan an gama girbi, lokacin da hanya ta bushe. A rubuta wa hukumar gidan tarihin tun da wuri don a samu mai yi wa yaran bayani, a nemi izinin iyaye a rubuce, a tashi da sassafe a dawo kafin la'asar.