Maganin Tsai Da Balaga: A Bi Yaran Nan A Hankali

Akwai wata magana da ta daɗe tana ta da ƙura a Turai da Amurka, yanzu kuwa wayar hannu ta kawo ta har ƙauyukanmu. Yaron Garbadu ko na Bakura ko Maradun yana iya jin ta kafin malaminsa ya ji. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi yadda abin yake, gama su jama'a ke zuwa tambaya.

Akan sami yaro an haife shi namiji, halittarsa ba wani ruɗani, amma zuciyarsa ta ƙi yarda, yana ganin shi mace ne. Haka kuma wata yarinya takan ga ita namiji ce. Da balaga ta gabato sai damuwar ta tsananta, ta hana barci da karatu, wani har ya yi tunanin halaka kansa. A shekarun 1990 likitocin Amsterdam ta ƙasar Holan suka fito da wata hanya ta mataki-mataki. Da fari, wajen shekara 12, a yi wa yaro allurar da ke tsai da balaga. Sa'an nan wajen shekara 16 a soma ba shi sinadarin da likitoci ke kira homon, watau abin da ke fid da gemu da kaurin murya ga namiji, ko ƙirjin mata ga mace, amma a ba shi na jinsin da yake so.

Likitocin duniya ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba. Manyan ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka sun goyi bayansa, suna cewa yana rage wa yaran baƙin ciki. Ƙasar Finlan kuwa ta taƙaita shi a 2020, Suwidin ta bi sawu a 2022. A Ingila aka sa wata babbar likitar yara, Hilary Cass, ta bincika. Rahotonta ya fito a watan Afrilu 2024, ya nuna hujjar amfanin maganin ba ta da ƙarfi, a ƙarshen shekarar kuma gwamnati ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 18 allurar don wannan larura, sai fa a cikin bincike. A watan Yuni 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar jihar Tenesi wadda ta haramta shi ga yara.

To, mu ra'ayinmu shi ne kada a yi wa jikin yaro gaggawa. Muryar da ta yi kauri ba ta komawa. Allurar tana iya rage ƙarfin ƙashi a lokacin da ƙashi ke ginuwa, wanda kuma ya bi matakan nan biyu yana iya rasa haihuwa. Ɗan shekara 13 bai isa ya auna abin da rashin haihuwa zai zame masa yana ɗan 30 ba. In ƙasashen da ke da asibitoci na gani na faɗa suna ja da baya, ina ga mu da awon jini ma sai an yi tafiya? Gaggawa aikin Shaiɗan.

Haɗarin da ke kusa da mu ma a shagon kemis yake. Kowa ya san yadda 'yammata ke sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe don ƙiba ba da takardar likita ba. Yaron da ke cikin damuwa, ya kuma ji sunan magani a waya, ba abin da zai hana shi saye a ɓoye. Homon da aka sha bisa ka yana iya daskarar da jini a cikin jijiya, mutum ya tafi farat ɗaya.

Amma kada a haɗa wannan da larurar mata-maza, domin ita a jiki take. Malamanmu sun san ta tun da. Muhtasar na Halilu da hukuncin gadon hunsa ya rufe, aka ba wanda ya gagara ganewa rabin rabon namiji da rabin na mace. Abin da ya fi jawo ta shi ne tawayar wata 'yar halitta da ke bisa ƙoda, wadda ke sa a haifi 'ya mace da kamannin namiji. Ana samun haka kamar sau ɗaya cikin haihuwa 15,000. Waɗansu jariran gishirin jikinsu ke zubewa, su yi ta amai, su rasu cikin makonnin farko, alhali kuwa akwai magani, shi ma homon ne, ana sha kullum. Irin wannan yaro hana shi magani zalunci ne. Wanda aka haifa masa shi kada kunya ta sa ya ɓoye. Ya kai shi babban asibitin Talata Mafara, su tura shi asibitin tarayya na Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Saura yaron da jikinsa lafiya, zuciyarsa ce ba lafiya. Wani zai ce ai bulala ce maganinsa. Mu ba mu yarda ba. Ƙasar Hausa ta san 'yan daudu tun kaka da kakanni, ta kuma san yadda gori da duka ke korar yaro daga gidan ubansa zuwa tasha, inda babu mai tsawata masa, babu mai jin ƙansa. Zamfara ta kafa shari'a a shekara ta 2000, hukunci kuwa aikin alƙali ne. Ba a ɗora shi a kan 'yan aji ko zauna-gari-banza ba. Malamin da ya ga ana yi wa ɗalibi ature ya yi shiru, ya ci amanar da iyaye suka ba shi. Abin da ya wajaba gare shi, ya hana tsokana, ya kira yaron gefe ya saurare shi, ya rufa masa asiri, ya gana da mahaifinsa cikin lalama. In ya ga yaro ya daina cin abinci, ko yana zancen mutuwa, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ga asibitin Kware nan kusa da Sakkwato. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfin tsiya karya shi yake yi.

Muna roƙon majalisun Talata Mafara da Bakura da Maradun abu biyu. Su sa ma'aikatan lafiya su koya wa ungozomomi cewa duk jaririn da aka kasa gane jinsinsa a kai shi asibiti nan da nan, kada a jira suna. Su kuma sa ido a kan masu sayar da magani a shaguna da kasuwanni, kada a ba yaro homon ko ƙwayar ƙiba sai da takardar likita. Hakimai da dagatai da limamai su taimaka da jawo hankalin iyaye.

'Ya'ya amana ce, za a kuwa tambaye mu. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu haƙurin riƙon su, amin.