Ƙofar Doka Ba Ta Tsira Daga Matata Ba

A watannin baya na ɗauko wani tsohon shafin intanet a kan ganuwar birnin Zariya da ƙofofinta, da nufin mayar da shi tsarin rubutun wiki. Na bi da shi ta matata, wato ɗan shirin kwamfuta da ke share alamomin HTML ya sanya na wiki a gurbinsu. Da aikin ya fito, sai ga Ƙofar Doka ta koma "ofar Doka", haka ma Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana.

Dalilin sananne ne ga duk wanda ya buga kundin digiri kafin Unicode ya wadatu. Tsofaffin haruffan kwamfuta na Hausa sun ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan maɓallan da ba a cika taɓawa ba: } a matsayin ƙ, { a matsayin Ƙ, ] a matsayin ɗ, ~ kuwa a matsayin ɓ. Abin takaici, waɗannan alamomin su ne ƙashin bayan rubutun wiki. A can, ]] rufe mahaɗi take yi, }} kuwa rufe samfuri. Saboda haka "ɗaɗɗaure" da "ƙwaƙƙwara", idan suka zo a tsohon rubutu, umarni na'ura ke iya ɗaukarsu, ba kalmomi ba. Matatata ta ga { a gaban kowace ƙofa, ta ɗauke ta shara, ta zubar.

Ra'ayina shi ne masanin Hausa ya kamata ya tsara jerin matatun, ba mai shirya manhaja shi kaɗai ba. A fara da mayar da haruffa gurbinsu, sannan a taɓa alamomin wiki, domin idan aka juya tsarin, harafin da ya salwanta ba ya dawowa.

Akwai kuma iyakar da matata ba ta ƙetarewa. Shafuka da dama ba su da lanƙwasa sam. Wanda ya umarci na'ura ta mayar da kowace "fada" zuwa "faɗa" ya jefa Fadar Zazzau cikin rigima. Wannan aiki ne na idon mai karatu, jimla bayan jimla, ko da zai ci kwanaki.

Wasu abokan aiki na cewa gara a ɗora shafi ɗari da kurakurai, masu gyara su biyo baya. Ban gamsu ba. Masu gyara a Wikipedia ta Hausa ba su kai yawan shafukan ba, kuma daga nan ake kwasar rubutu ana horar da na'urorin fassara. A Zariyar nan aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.