A Daina Ɗora Wa Ɗan Wasa Laifin Mai Saye

Matasanmu masu kwana kallon ƙwallon Amurka na gasar NFL sun ɗauko wata magana: wai duk ƙungiyar da ta sayi ƙaton mai tsaron baya, ta gama da matsalar tsaro. In abin ya ƙi, sai a ce ɗan wasan malalaci ne. Mu dai ba mu yarda ba.

Ga yadda abin yake. Masu tsaro 11 ne a fili, kuma layinsu na gaba iri biyu ne. A tsarin 4-3, mutum huɗu ne a gaba, kowa ya kutsa ta kafarsa ya kayar da mai jefa ƙwallo. A tsarin 3-4 kuwa uku ne, na tsakiya ya riƙe mutum biyu, na bayansa su kwashi yabo. Aiki biyu ne daban, kowanne da irin mutumin da yake so.

Ku dubi Albert Haynesworth. A Tennessee ya yi suna da kutse a tsarin 4-3. A 2009 Washington ta ba shi kwantiragin shekara 7 kan dala miliyan 100, miliyan 41 tabbas ne ko ya buga ko bai buga ba. Shekara ɗaya kacal, aka kawo koci Mike Shanahan, ya koma 3-4, aka ce Haynesworth ya tsaya tsakiya. Rigima ta ɓarke, aka dakatar da shi a ƙarshen kakar 2010, a 2011 aka miƙa shi New England a arha. Wasa 20 kawai ya buga musu.

Za a ce ai wanda aka biya dole ya yi abin da aka sa shi. Gaskiya ne, ba mu wanke shi ba, ya yi taurin kai. Amma wa ya sayi dokin sukuwa ya ɗaura masa garma? Shugabannin ƙungiya ne suka zuba kuɗi kafin su san tsarin da suke so.

Yanzu ku dubi masu lissafi. New York Giants ta tara Michael Strahan, Justin Tuck da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ta gina tsaronta a kan kutsensu. A Super Bowl na Fabrairu 2008 aka kayar da Tom Brady sau biyar, Giants ta ci 17-14, alhali babu wanda ya doke New England a kakar. Haka Philadelphia a Fabrairu 2025: Jalen Carter, Jordan Davis, Josh Sweat da Milton Williams sun isa a gaba, sauran suka koma baya suna tare hanyar jifa. An kayar da Patrick Mahomes sau shida, aka tashi 40-22.

Sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma sai in an san aikin da za a ba shi. Saboda haka in kun ji an sayi wani da miliyoyi, kada ku yi saurin tafi. Ku tambaya: wane gurbi zai tsaya, su wa ke gefensa, kuma kocin da ya nema zai kai baɗi? Allah ya sa mu dace.