Ɗumi ba zafi ba ne: kira ga masu sayar da abinci

Ran kasuwa a Mai Yara, tun da asuba mata suke hura wuta. Kafin hantsi ya ɗaga, rumfunan abinci sun cika da tuwo da miya, shinkafa da wake, dambu, ɗan wake da waina. Mahauta suna gefe da tukubarsu. Manomin da ya taho daga ƙauye, makiyayin da ya koro awaki, direba da yaron mota, kowa nan yake kashe yunwa. Masu abinci suna yi wa kasuwa babban aiki. Da ribar tukunyar nan suke tufatar da yara, suke sayen magani.

Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu. Abincin da aka sauke da hantsi, wane hali yake ciki idan la'asar ta yi?

Aikina yana kai ni ƙauye-ƙauye, saboda haka sau da yawa a kasuwa nake cin abinci. Wata rana cikin bazara na tsaya wata kasuwa bayan la'asar. Aka zuba mini shinkafa da wake daga cikin kula. Ba ta yi tsami ba, ba ta yi wari ba, ɗumi kawai gare ta. Na ci, na gode, na kama hanya. Kafin isha'i amai ya taso mini. Haka na kwana, washegari ko babur ban iya hawa ba. Ban ga laifin mai abincin ba. Rumfarta a share take, kwanoninta a wanke. Abu guda ne ba ta sani ba, ni ma a lokacin ban ba shi muhimmanci ba: abinci mai ɗumi shi ne gonar ƙwayoyin cuta.

Abin da ke faruwa cikin tukunya

Ƙwayoyin cuta halittu ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna cikin ƙura, da hannu, da hanci, da ƙafar ƙuda. Suna son abinci, da laima, da ɗumi. Zafi mai tsanani yana kashe su. Sanyi mai tsanani yana hana su haihuwa. Tsakanin waɗannan biyu ne suke walwala.

Ana auna zafi da digiri. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya yana da digiri 37. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da ƙa'idoji biyar na kiyaye abinci a shekarar 2001. Ɗaya daga ciki ta ce: dafaffen abinci ya zauna da zafi sama da digiri 60 har a zuba shi, ko kuwa ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Kuma kada a bar shi a sarari fiye da awa 2.

To, mu duba halinmu. Mai tuwon kasuwar ƙauye ba ta da firji. A watan Afrilu da Mayu zafin ranarmu yakan wuce digiri 40. Ke nan tukunyar da aka sauke ba ta yin sanyin da zai kiyaye ta. Tana sauka ne daidai inda ƙwayoyin cuta suke so, ta tsaya nan wuni guda.

Idan wuri ya yi musu daɗi, ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu cikin minti 20. Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Bayan awa 1, ɗaya ta zama 8. Bayan awa 2, ta zama 64. Bayan awa 4, ta zama 4,096. Bayan awa 7, ta wuce miliyan 2. Daga hantsi zuwa la'asar ke nan. Kuma ba ƙwaya ɗaya ce take faɗawa tukunya ba.

Wani zai ce: ai an dafa, wuta ta kashe komai. Ba duka ba. Akwai irin ƙwayar da ke cikin shinkafa tun daga gona. Tana da ƙwai mai tauri wanda tafasa ba ta fasawa. Idan shinkafa ta huce, sai ƙwan ya farka, ya hayayyafa, ya zuba dafi. Wannan dafi ko an sake ɗumama shinkafar ba ya mutuwa. Shi ne mai sa amai cikin awa ɗaya zuwa shida. Akwai wata irin da ke son miyar nama da wake, musamman a babbar tukunya mai jinkirin hucewa. Ita kuma murɗar ciki da zawo take kawowa, yawanci cikin dare ko washegari. Shi ya sa mutum bai cika gane inda ya ɗauko ciwon ba. Sai ya ce rana ce ta buge shi, ko ruwan baƙon wuri ya sha.

Abin ba wasa ba ne

A shekarar 2015 OMS ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 suke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci. Daga cikinsu 420,000 suke mutuwa, kuma 125,000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Nahiyar Afirka ce ta fi kowa ɗaukar nauyin.

Kwalara ma tana bin wannan hanya. Kowa ya san ruwa marar tsabta ne babbar ƙofarta, amma abincin da ya huce ƙofa ce ta biyu. A lokacin farin 1984, masu bincike a ƙasar Mali sun gano cewa shan kunun hatsi da aka ajiye ya huce yana cikin abubuwan da suka yaɗa ta. A Konakiri, babban birnin Gini, a shekarar 1986, an gano haka game da ragowar miyar gyaɗa da ba a sake tafasawa ba. Mu ma ba mu manta da daminar 2018 ba. Kwalara ta ɓulla a yankin Madarunfa, ta bazu cikin jahar Maraɗi, ta kwantar da mutane fiye da 3,000. Ta sake dawowa ƙasarmu a 2021. Mota ɗaya ce take haɗa Maraɗi da kasuwannin Dakoro. Tukunyar gida mutum goma take ciyarwa. Tukunyar kasuwa kuwa tana iya ciyar da ɗari, daga ƙauyuka ashirin.

Kula ba murhu ba ce

Yau kowace rumfa da kula. Kula abu ne mai amfani, tana hana ƙuda da ƙura. Amma kula ba ta da wuta. Ba ta ƙara wa abinci zafi, tana jinkirta hucewarsa ne kurum. Idan aka cika ta da abinci daga kan wuta, aka rufe, tana riƙe zafi na ɗan lokaci. Amma mai sayarwa tana buɗe ta duk sa'ad da mai saye ya zo. Kowace buɗewa zafi yana fita. Abinci yana raguwa, iska tana cika wurin. Kafin azahar abin da ya rage a ƙasa ɗumi ne kawai. A nan kula ta koma kamar kaza bisa ƙwai, tana ƙyanƙyashe cuta.

Mafi muni shi ne a zuba sabon dahuwa bisa ragowar na safe. Tsoho yana ɓata sabo, kamar yadda ruɓaɓɓen tumatir ɗaya yake ɓata kwando.

Abin da masu abinci suke faɗa

Na zanta da mata masu wannan sana'a, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Ta farko ta ce: "Malam, icce ya yi tsada. In na bar wuta wuni guda, ina riba?" Gaskiya ne. Amma riƙe zafi ba ya son harshen wuta, garwashi ya isa. Murhun duwatsu uku a fili shi ne mai cin icce, domin iska tana kwashe zafin. Tun shekarun 1980 aka yaɗa ingantattun murahu a ƙasarmu, irin Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka. Na laka ba a saye, da yumɓu da kashin jaki da ƙaiƙayi ake gina shi. Manomin da yake sassaben zamani, wanda yake barin itatuwa su tsiro a gonarsa, rassan da yake sassabewa ma sun isa su taimaki tukunyar uwargida.

Ta biyu ta ce: "In na bar shi kan wuta, sai ya kama, ya ƙone." Akwai dabara. A ɗora babbar tukunya da ruwa bisa garwashi, a sa ƙaramar tukunyar abinci a ciki ko a bisa, a rufe. Tururi zai riƙe zafin, abinci ba zai ƙone ba. Haka ake turara dambu tun kaka da kakanni. Miya kuwa a riƙa motsa ta, in ta yi kauri a ƙara tafasasshen ruwa, ba ɗanye ba.

Ta uku ta ce: "Mun saba. Cikin baƙauye ba ya jin wannan." Babba mai ƙarfi yana iya yin zawo kwana biyu ya tashi. Amma ba shi kaɗai yake ci ba. Uba yakan ƙulla ragowa a leda ya kai wa yara tsaraba, bayan ta ƙara awa biyu a hanya. Yaro ƙarami, da mai ciki, da tsoho, da wanda tamowa ta riga ta raunana, zawon kwana ɗaya yana iya kai su kushewa.

Ta huɗu ta ce: "Zubar da abinci asara ce." Babu musu. Saboda haka maganin shi ne kada a bari ya rage. Mai sana'a ta san kasuwarta. Maimakon ta dafa tiya huɗu gaba ɗaya da safe, ta dafa biyu da hantsi, biyu da azahar. Kuma mu tuna: mutum ɗaya da ya kwanta ciwo bayan cin abincinki zai gaya wa goma. Kuɗin garwashi bai kai asarar suna ba.

Shawarwari ga mai sayarwa

1. Ki dafa abinci ya nuna sarai. Miya ta tafasa, nama kada ya bar ja a ciki.
2. Tukunya ta zauna bisa garwashi, a rufe, har a sayar da na ƙarshe.
3. Ba ki da ma'aunin zafi, amma kina da hannu. Ki taɓa jikin tukunya daga waje. In kina iya barin hannunki a kai, zafin bai isa ba. Kada ki dogara da tururi kaɗai, domin da hunturu ko abinci mai ɗumi yana tururi.
4. In za ki yi aiki da kula, ki ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, ki cika ta daga kan wuta. Ƙananan kuloli biyu sun fi babba ɗaya: ki buɗe ɗaya, ɗaya ta zauna a rufe.
5. Abincin da ya sauka daga wuta kada ya wuce awa 2, wato kamar daga azahar zuwa la'asar. Da bazara ma ya kamata a rage.
6. Kada a haɗa sabo da tsoho.
7. Ɗumame ya zama na gaskiya: ya tafasa har tsakiya, sau ɗaya tak. Shinkafar da ta wuni a sarari kuwa ɗumame ba ya gyara ta.
8. A zuba da ludayi, ba da hannu ba. Hannun da ya karɓi kuɗi a wanke shi da sabulu. Mai zawo ko mai gyambo a yatsa ta bar wata ta zuba.

Mahauci ma maganar ta shafe shi. Tsire da balangu su zauna kusa da wuta. Wanda ya huce a mai da shi kan wuta har ya yi zafi ciki da waje. Kada gasasshen nama ya koma trayin ɗanye, kada wuƙa ɗaya ta yanka duka biyu ba wanki.

Mu masu saye fa?

Rabin gyaran yana hannunmu. Mu ne muke gaggawa, muke cewa a ba mu wanda ya huce don kada mota ta tashi. Mu daina. Mu nemi rumfar da tukunyarta take bisa wuta. Gara abinci ya huce a kwanonka cikin minti biyar da ya huce a kula cikin awa biyar. Kada mu dogara da hanci ko harshe, domin abinci mai cuta ba dole ne ya yi wari ba. Ran da masu saye suka fara tambaya, "Inna, da zafi?", ran nan kowace rumfa za ta hura garwashi.

Idan kuma ciwo ya riga ya kama, a hanzarta da ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake samu a gidan likita. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. In zawo ya zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, a kai shi likita ba tare da jiran gari ya waye ba.

Kirana na ƙarshe ga hukumar Mai Yara, da ma'aikatan lafiya, da sarkin kasuwa, da sarkin fawa. Kada a fara da tara, a fara da koyarwa. A tara masu abinci kafin damina ta faɗi, a nuna musu ginin murhun laka, a auna zafin tukunya da na kula a gaban idonsu. Wadda ta gani da idonta ba ta bukatar a tsorata ta. Haka kuma masu dafa abincin ƴan makaranta, da na biki, da na gayya a gona, duk ƙa'ida ɗaya ce.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A rumfar abinci, rigakafin bai wuce ɗan garwashi da murfi ba. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a sana'ar kowa.